Me Ya Sa Ake Cewa Tsibirin Larabawa, Alhali Raƙuma Na Shigarsa Ta Tudu?

Tambayar ta fito daga wani malamin Islamiyya a cikin birnin Zariya, wajen Kwarbai. Ya ce yana karantar da yara Sira, ya gaya musu an haifi Manzon Allah (SAW) a Jaziratul Arab, wato tsibirin Larabawa. Sai wata yarinya ta ce a makarantar boko an koya musu cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, to ta ina ayarin Ƙuraishawa suke bi da raƙumansu su je Sham fatauci? Ya ba ta amsa iya saninsa, amma ransa bai kwanta ba, shi ne yake neman ƙarin haske daga wanda ya karanci labarin ƙasa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, kuma Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a garin nan, kuma ɗalibin da zai haɗa karatun safe da na yamma ya ga inda suka yi karo, shi ne ɗalibin da ake nema. Abin da aka koya mata daidai ne, abin da ka karanta a littattafai shi ma daidai ne. Kalma ɗaya ce aka ɗora wa kaya biyu.

Ƙasar Larabawa ba tsibiri ba ce a ma'anar da ake koyarwa a aji. Tana cikin wani nau'i na daban: ƙasar da ruwa ya kewaye yawancin sassanta, galibi ta fuska uku, amma ta ci gaba da manne wa babbar ƙasa ta fuska ɗaya. Turawa suna ce wa irin wannan peninsula, kalmar da ta fito daga Latin, ma'anarta "kusan tsibiri". Larabcin zamani ma haka ya yi, ya ce shibhul jazira, mai kama da tsibiri, shi ya sa za ka ga taswirorin yanzu suna rubuta Shibhul Jaziratil Arabiyya. In ka buɗe taswira za ka ga Bahar Maliya ta yamma, tekun Adan da tekun Larabawa ta kudu, tekun Oman da Tekun Fasha ta gabas. Ta arewa kuwa babu ruwa, hamada ce shimfiɗe har Sham da Iraƙi. Nan ce hanyar ayarin bazara da Suratu Ƙuraish ta ambata, kamar yadda ayarin hunturu yake gangarawa Yaman. Girmanta ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 3.2, wato ta ninka Najeriya sau uku har da ɗoriya, kuma babu irinta da ta kai ta girma a duniya.

To me ya sa magabata suka ce mata jazira kai tsaye? Domin a bakin Larabawan da, jazira ta fi tsibirinmu faɗi. Duk ƙasar da ruwa ya yanke ta daga saura, ko da kogi ne, ko da bai rufe ruf ba, suna iya ce mata jazira. Malaman lugga sun bayyana cewa an sa wa ƙasar Larabawa wannan suna ne saboda tekuna sun kewaye ta, kogin Furat kuma ya tare ta ta arewa maso gabas. Yankin da ke tsakanin Dijla da Furat ta sama, wajen Mosul da Raƙƙa, shi ma Aljazira ake ce masa. Andalus, wadda a yau take Sifen da Fotugal, sun kira ta Jaziratul Andalus alhali tana manne da Faransa ta duwatsun Pyrenees. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Sudan: ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu kafin su haɗu a Khartum, ita ma Jazira ce, kuma kakanninmu da yawa da suka tafi aikin Hajji a ƙafa sun tsaya can sun yi aikin auduga a gonakin da aka buɗe a 1925, wasu har yau zuriyarsu na can. Saboda haka mai fassara da ya ce "tsibirin Larabawa" ya bi lafazi ne, bai yi ƙarya ba, sai dai kalmar tsibiri a Hausa ta fi matsewa.

Hausa ba ta tsayar da kalma guda ga wannan siffa ba, kuma ban ga abin mamaki ba, tunda tsakaninmu da teku akwai ɗaruruwan kilomita. Muna da tsibiri, muna da gungu, wanda daga gare shi aka sami sunan Gungawa na ƙasar Yawuri. A rediyo za ka ji "zirin Koriya", ka ji "tsibirin Bakassi", ka ji "yankin Kirimiya", duk kuwa abu ɗaya ake son faɗa. Ziri ya yi daidai in ƙasar doguwa ce siririya, amma shi ma yana rikita yara, domin ana cewa zirin Gaza, ita kuwa Gaza teku yana gefenta guda ne kawai, ba ta cikin wannan nau'i ko kaɗan. Ni a aji nakan ce "tsibiri mai ƙofa". Na ɗauko shi daga abin da yaran Zazzau suka tashi suka gani: gari mai ganuwa, ba a shigarsa sai ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana. A nan ruwa ne ganuwar, gefen da ya rage a tudu shi ne ƙofar. Kuma in kana son ka fahimci kowane tsibiri mai ƙofa, ƙofar za ka fara dubawa: faɗinta, abin da ke cikinta, da wanda yake riƙe da ita.

Ba sai an je teku ba kafin a ga abin da ido. A unguwar da na tashi akwai wani kududdufi, irin waɗanda aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini tun zamanin kakanni. Masu haƙa sun bar wani tudu a tsakiya saboda wata bishiyar giginya da ke kansa, da wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa shi da gefe. Farkon damina ruwa yakan tsaya hagu da dama da gaba, mu bi ta siririyar hanyar nan mu je gindin giginyar. In Agusta ta yi, aka yi kwana uku ana marka, sai hanyar ta nutse, tudun ya koma na agwagi su kaɗai. Kafin tsakiyar hunturu hanyar ta sake fitowa da taɓo, sawun awaki a kanta. Tudu ɗaya, a shekara ɗaya, ya zama tsibiri mai ƙofa, ya zama cikakken tsibiri, ya sake komawa. Bambancin duka bai wuce kamu biyu na ruwa ba. Abin da ke faruwa a duniya ke nan, sai dai ita duniya lissafinta na dubban shekaru ne.

Masana sun gano cewa kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da arewacin Amurka, ruwan teku ya ja baya da wajen mita 120. Tekun Fasha kuwa yawancinsa bai kai zurfin mita 100 ba. Ke nan a wancan zamani kwari ne busasshe, Dijla da Furat suna ratsa shi har mashigin Hormuz, Bahrain tudu ce a cikin fili, mutum na iya takawa daga gabashin ƙasar Larabawa zuwa Iran. Da ƙanƙarar ta narke ruwa ya cika kwarin, sai ƙasar Larabawa ta sami ganuwarta ta gabas. Ingila ma a da tana manne da Turai, sai da ruwa ya cinye ƙofarta kimanin shekaru 8,000 da suka shuɗe ta zama tsibiri. Mun ga ƙaramin misalin wannan a gida lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968: tsohuwar Busa ta nutse, gungu da yawa suka ɓace, tuddan da a da suke cikin daji suka wayi gari ruwa ya zagaye su ta fuska uku. Tafkin Chadi kuma ya nuna mana akasin haka. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da ya janye, tsibirai da yawa suka manne da gaɓa, garin Baga da ke bakin ruwa ya koma can tudu.

Ganuwar yamma, wato Bahar Maliya, labarinta daban ne, kuma a nan nake so Malam ya ɗan dakata, domin ya taɓa Sira kai tsaye. Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, faifai ne manya-manya da suke motsi a hankali a kan zazzafan dutsen da ke ƙarƙashinsu. Ƙasar Larabawa da Afirka a da faifai ɗaya ne. Kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce sai ya fara tsagewa, ɓangaren Larabawa ya riƙa gusawa arewa maso gabas, ruwa ya shigo cikin tsagar. In ka yanke taswira da almakashi ka matso da gaɓar Hijaz kusa da gaɓar Sudan da Masar, za ka ga sun kusa haɗuwa kamar ƙwaryar da ta fashe aka mayar. Har yanzu tsagar na ƙara buɗewa da kimanin santimita ɗaya a shekara, bai ma kai saurin tsiron farce ba.

Wannan tsagewa ta bar alamomi da duk alhaji ya gani da idonsa. Bakin tsagar ya ɗaga sama, shi ne jerin duwatsun Hijaz da Sarawat. Shi ya sa za ka bar zafin Makka ka hau zuwa Ɗa'if, mai tsayin wajen mita 1,800, ka tarar da iska mai sanyi da inabi da rumman. In ka ci gaba kudu zuwa Yaman akwai dutsen da ya haura mita 3,600. Daga wannan tsauni ƙasar take gangarawa sannu a hankali har Tekun Fasha, kamar faifan da aka ɗaga gefensa guda, kuma a can gabas inda ta yi ƙasa, cikin shimfiɗun dutse da tsohon teku ya bari, aka sami man fetur a Dammam a 1938. Sannan ta tsagogin nan narkakken dutse ya riƙa fitowa ya malala ya daskare, shi ne baƙaƙen duwatsun da ake kira harra, waɗanda suka sa Madina a tsakiya ta gabas da ta yamma. Malaman tarihi sun rubuta wutar da ta fito a kusa da Madina a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, wadda aman dutse ce daga ɗaya daga cikin waɗannan harra. Ta can ɗaya gefen kuma, inda faifan Larabawa yake tunkuɗar Iran, duwatsun Zagros suka taso, kuma shi ne dalilin yawan girgizar ƙasa a wancan yanki.

Tunda mun zo Madina, ga misalin da na tabbata yaranka za su kama nan take. A Yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, ba a haƙa ramin ya zagaye garin duka ba. Harra ta tsare gabas da yamma, dawaki ba sa iya ratsa kaifin duwatsunta. Gonakin dabino da gidaje sun toshe kudu. Arewa ce kaɗai a buɗe, kuma nan aka haƙa gwalalo bisa shawarar Salmanul Farisi (RA). Madina ba ta bakin ruwa, amma hikimar ita ce dai ta tsibiri mai ƙofa: fuska uku a tsare, ƙarfi duka ya koma fuska ɗaya. Birnin Ƙusɗanɗiniyya, Istanbul ta yau, a kan irin wannan wuri aka gina shi, teku ta uku, ganuwa mai kauri ta ɗaya, kuma ya yi ƙarnuka yana gagarar yawancin masu kawo hari kafin Sarki Muhammad Alfatih ya ci shi a 1453.

Akwai kuma tsibirai masu ƙofa waɗanda rairayi ya gina. Igiyar ruwa ba ta cika bugun gaɓa kai tsaye ba, a karkace take zuwa, sai ta riƙa tura yashi gefe guda kaɗan-kaɗan. A gaɓar Legas da kewayenta yashin daga yamma yake tafiya gabas. Inda ya sami wurin kwanciya sai ya taru ya zama dogon ziri tsakanin teku da tafkin da ke bayansa. Lekki ta Legas haka take: Atlantika ta kudu, tafkin Legas ta arewa, a can ƙuryarta aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa da matatar man Dangote da aka ƙaddamar a 2023. Victoria Island ma sunan tsibiri kawai ya rage mata, an cike fadamar da ta raba ta da Lekki da yashi tuntuni. Wani lokaci kuma yashin yakan taru a bayan tsibirin da ke kusa da gaɓa, inda igiya ta yi rauni, har ya ɗinke shi da babbar ƙasa. Dakar a kan irin wannan take: tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne a cikin teku, rairayi ya haɗa su da Senegal, kuma ƙarshenta shi ne wuri mafi nisa yamma a duk babban yankin Afirka. Jabal Ɗariƙ, wato Gibraltar, inda Ɗariƙ bin Ziyad ya sauka a 711, dutse ne da siririn yashi ya riƙe shi da Sifen.

Labarin birnin Sur na Lebanon nakan ba ɗalibai shi kowace shekara. Tsibiri ne sosai, ƙasa da kilomita ɗaya daga gaɓa, mutanensa suna ganin babu mai iya taɓa su. A shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Iskandar na Makidoniya ya zo, ya sa aka riƙa zuba duwatsu da itatuwa a ruwa har aka yi hanya, ya ci garin bayan wata bakwai. Yaƙi ya wuce, hanyar ta zauna, igiya ta yi ta tara mata yashi hagu da dama ƙarni bayan ƙarni, yau unguwanni ne a kanta da motoci. Ɗan Adam yakan yi akasin haka ma: Girkawa sun haƙa mashigin Korinti a 1893, mai tsawon kilomita 6 da 'yan kai, suka yanke wuyan da ya riƙe kudancin ƙasarsu.

Hanya ta ƙarshe da zan ambata ita ce ta taurin dutse, kuma dutsen Kufena na nan Zariya ya ishe mu misali. Abin da ya sa yake tsaye shi kaɗai a fili shi ne ruwa da iska sun cinye abin da ke kewaye da shi mai laushi, shi kuwa ya gagara. A bakin teku haka igiya take yi: ta rarake inda ya yi taushi ya zama lungu, inda ya yi tauri ya rage a tsaye ya miƙa cikin ruwa. Yawancin ƙananan kawunan ƙasa da ake gani a taswira sun fito ne ta haka.

Yanzu mu koma ga ƙofa, domin ita ce ke juya rayuwar mutanen da ke ciki. Ƙofar ƙasar Larabawa, daga Aƙaba zuwa Kuwait, ta haura kilomita 1,000, ta fi nisan Zariya zuwa Legas. Amma hamada ce, kuma hamada takan yi aikin da ruwa yake yi. Rumawa da Farisawa sun mallaki gefe-gefe, ba su taɓa riƙe tsakiyarta ba. Ita kuwa Ƙatar, wadda ƙaramin tsibiri mai ƙofa ce da ta tsiro a jikin babba, ƙofarta guda ce tak, ta Saudiyya. Ranar 5 ga Yuni 2017 aka rufe ta saboda rikicin siyasa, kuma ta nan madara da kayan abinci masu yawa suke shigowa. Sai da aka kai ga ɗauko dubban shanu a jirgin sama domin a sami nono a cikin gida, ba a sake buɗe iyakar ba sai Janairun 2021. Koriya ta Kudu tun da aka tsayar da yaƙi a 1953 ba ta da hanyar mota ko ta jirgin ƙasa da za ta fitar da kayanta zuwa sauran Asiya, domin Koriya ta Arewa ce a bakin ƙofar. A taswira tana manne da nahiya, a zahiri komai nata ta jirgin ruwa da na sama yake shiga ya fita. Kirimiya wuyanta bai wuce kilomita 5 zuwa 7 ba, kuma ta nan magudanar da a da take kawo mata yawancin ruwanta daga kogin Dnieper ta bi. Da Rasha ta karɓe yankin a 2014, Yukiren ta toshe magudanar, Rasha kuma ta gina wata ƙofar, gada mai tsawon kilomita 19 da aka buɗe a 2018. Ko babu yaƙi ƙofa tana da tsada: cunkoson Dakar ya samo asali daga cewa ɗimbin mutane ta siririn wuya ɗaya suke shiga da safe su fita da yamma, abin da ya sa gwamnati ta fitar da sabon filin jirgin sama can wajen gari a 2017.

Bakassi ita ce tamu, kuma ina ganin kowane ɗalibi a ƙasar nan ya kamata ya san ta fiye da suna. Tana tsakanin bakin kogin Kuros Riba da Rio del Rey, a ƙuryar tekun Gini. A takarda tsibiri mai ƙofa ce, amma a ido ƙasa ce mai taɓo da itatuwan bakin teku, ƙananan rafuka sun yayyanka ta gunduwa-gunduwa, ba a zirga-zirga sai da kwalekwale. Don haka 'yan jaridar da suke cewa "tsibirin Bakassi" ba su yi nisa da gaskiya ba. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 ta sa kogin Akpayafe ya zama iyaka, har ta yi tanadin cewa ko da bakin kogin ya sauya hanya, Bakassi tana ɓangaren Jamus, wato Kamaru ta yau. Masu rubutun sun san ruwan wurin ba ya zama wuri ɗaya. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, kotu ta ba ta gaskiya ranar 10 ga Oktoba 2002, Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Yunin 2006, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agusta 2008. Abin da yake damuna duk lokacin da na koyar da wannan darasi shi ne masuntan da suka zauna can kaka da kakanni, yawancinsu Efik da maƙwabtansu, waɗanda aka ce su zaɓa tsakanin ƙasarsu da ruwan da suke ci daga gare shi. An yi ta maganar man fetur da kifin da ke wurin, su kuwa da yawansu sun ƙare a sansanonin da ba su da bakin ruwa.

Akwai kuskure guda da nake yawan gyarawa a takardun jarrabawa. Yara sukan haddace cewa duk ƙasar da teku ya kewaye tana samun ruwan sama da yawa da yanayi mai sauƙi. Wannan ya yi daidai ga Italiya ko Koriya ko Malesiya, amma ƙasar Larabawa ta karya ƙa'idar. Tana layi ɗaya da Sahara, inda iska take saukowa daga sama a bushe ba ta haɗa hadari, kuma Bahar Maliya da Tekun Fasha sun yi ƙanƙanta su jiƙa ƙasa mai wannan girma. Sassanta da yawa ba sa samun milimita 100 na ruwa a shekara, alhali mu nan Zariya muna samun wajen 1,000. Babu kogi ko ɗaya da ke gudana shekara duka daga tsakiyarta zuwa teku, sai kwaruruka da ke cika in an yi ruwa su bushe, shi ya sa ruwan famfon Jidda da Makka mafi yawansa na teku ne da aka cire wa gishiri. Abin da tekun yake bayarwa shi ne gumi, wanda duk wanda ya sauka Jidda ya ji shi a jikinsa. Inda aka sami sauƙi shi ne kudu, tsaunukan Yaman da Asir, da Salala ta Oman wadda ke yin kore shar daga Yuni zuwa Satumba saboda iskar damina ta tekun Indiya.

In za ka nuna wa yara, Malam, ga yadda nake yi. Ka sami babban tire, ka zuba jiƙaƙƙen yashi a gefe guda, ka ja wani ɓangare ya miƙo tsakiya kamar hannu, can gaba kuma ka tara ɗan tudu shi kaɗai. Ka ɗauko buta ka zuba ruwa a hankali har ya kewaye su. Ka ba yaro ɗan tsakuwa ka ce raƙuminsa ne, ya kai shi kowane wuri ba tare da ya jiƙe ba. Zai kai shi kan hannun, zai tsaya cak a gaban tudun. Daga nan ka sa yatsa ka danna wuyan hannun, ko ka ƙara ruwa kaɗan, ka tambaye su me ya zama yanzu. Ban taɓa yin wannan ba ajin bai amsa da baki ɗaya ba.

Ita kuwa ɗalibarka, ka gaya mata raƙuman Ƙuraishawa ta ƙofar arewa suke fita, su bi ta Tabuka su nufi Busra da Gaza. Ka ƙara mata da cewa daga ƙasarmu ma akwai hanyar tudu har Makka a zamanin da. Mansa Musa na Mali a 1324 ta Alƙahira ya bi, kuma ayarin alhazan Masar suna ratsa Sina'i, wanda shi ma tsibiri mai ƙofa ne tsakanin tekun Suez da na Aƙaba, su sauka Aƙaba su gangara Hijaz. Tun da aka buɗe mashigin Suez a 1869 ruwa ya gitta wannan hanya. Kakanninmu na baya-bayan nan kuwa gajeriyar suka fi bi, ta Borno da Chadi da Darfur har Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda tafiyar ƙafa take ƙarewa, su jira jirgin ruwan da zai tsallaka da su Jidda.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, a gaishe min da ɗaliban.